Katakan Baba da Hanyar Maradun

Daga wurin Allah muka zo, kuma Baba ya riga mu komawa ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke gidanmu na Talata Mafara, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Ba a jira kowa ba, don yanzu a ƙasarmu ba a ce wa mutum ya taso daga wani gari ya riski jana'iza. Wanda ke Bakura ko Maradun sai ya fara tambayar direbobi yadda hanya ta kwana, sannan ya san ko zai zo.

Haka zaman makokin ya kasance, ana zuwa da wuri ana tashi da wuri. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Bakura, ta iso a rana ta biyu. Ta gaisa da Inna, mahaifiyarmu, gaisuwa mai tsawo irin tasu, ta yi kuka har muryarta ta dishe, amma ƙarfe biyu na yi ta fara duban inuwar katanga, ta ce a nemo mata mai mota. Babu wanda ya ga laifinta. Baffa, yayan Baba, wanda ya tsufa a rumfar fawa, bai yi kuka ba. Ya shigo cikin gida ya tsaya a tsakar fili yana dube-dube kamar ya ajiye wani abu ya manta wurin, ya ce shi ya kamata ƙanen nan nasa ya sa a rami, ya juya ya fita.

Tsofaffin ɗaliban Baba sun zo da yawa, wasu da furfura a gemu. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu yake aikin raba ruwa a gonakin Bakolori, ya nemi izini ya shigo ya durƙusa a gaban Inna. Ya ce duk abin da aka koya masa a makaranta ya manta, ban da ranar da Malam ya ajiye guntun katako a tebur ya taɓa shi da yatsa ya rabu gida uku. Sai ya tambaya ko akwatin nan na Malam yana nan. Inna ta dube ni. Na ce masa ya ɓata. Ya yi ta jinjina kai, bai tambayi yadda aka yi ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ni ce babbar ɗiyarsa, kuma ni ce nake tare da shi ranar da akwatin ya ɓata. Ina so jikokinsa su san wane ne kakansu, fiye da a ce musu malamin lissafi ne kawai. Ina kuma so in sauke wani abu da ni da shi muka ɗauka tare, wanda yanzu ya bar ni da shi ni kaɗai.

Baba ɗan mahauta ne. An kai shi makarantar boko aka bar Baffa a rumfa, ya fito malami, ya koyar shekara talatin da biyar tsakanin Bakura da Maradun da Mafara. Abu ɗaya ya ɗauko daga gidansu, shi ne hannun yanka. Shi dai katako yake yankawa. Yakan sayi guntayen maɗaci wurin kafintoci, ya zauna a zaure bayan la'asar da ƙaramin zarto da magagari da ma'auni, ya fitar da dunƙule mai fuska shida daidai wa daida, irin ƙirar ƙwayar sukari, girman dunƙulen hannu. Sannan ya yanka shi ta yadda duk gutsattsarin za su koma su haɗu, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Idan ya gama ya shafe su da man gyaɗa ya jera cikin wani akwatin ƙarfe kore.

Wanda ya fi so shi ne mai rabuwa uku. Idan ya buɗe shi sai ka ga dala uku iri ɗaya, kowace da gindi mai kusurwa huɗu da tsini da ya karkata gefe guda. Da shi yake nuna wa ɗalibai abin da ya sa cikin dala yake ɗaya bisa uku na cikin dunƙulen. Wanda bai gamsu ba, Baba yana da dala ta gwangwani da ya sa maƙeri ya ƙera masa. Sai ya ce a cika ta da gero a juye cikin gwangwani mai fuska shida, sau uku, a gani ko ba zai cika dam ba. Akwai kuma wani mai rabuwa shida, wanda ya haɗa gutsattsarinsa da siraran fata. Idan ka naɗe shi ciki, dunƙule ne mai fuska shida. Idan ka juya shi waje ka lulluɓe wani dunƙulen da shi, sai ya zama wani abu mai fuska goma sha biyu. Wannan shi ya sa wasu tsofaffin unguwarmu suka daɗe suna raɗa cewa Malam yana da ɗan siddabaru.

Maganarsa kullum ita ce: "Kada ka yarda don ni na faɗa. Ɗauka ka taɓa." Kuma bai taɓa gaya wa kowa amsa ba. Zai miƙa maka gutsattsari ya naɗe hannu ya zuba maka ido, ko za ka kwana a wurin. Ni kam tsoronsa nake ji tun ina ƙarama, ba don yana duka ba, bai taɓa dukana ba, wannan shirun da kallon ne suke rikita ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, amma wannan bai sa ya sassauta mini ba. Akwai wata ƙaramar dala mai fuska huɗu da ya raba gida biyu kacal, guda biyu iri ɗaya. Na yi mako uku ina fama da ita, ina kuka a ɓoye. Ranar da na haɗa ta, bisa kuskure ma, ya dube ni ya ce in wargaza in sake, don ya tabbata ba sa'a ba ce.

Faɗa ɗaya na taɓa gani tsakaninsa da Inna, kuma a kan katako ne. Wata damina itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ga yara suna jin yunwa. Inna ta leƙa zaure ta ga busassun guntaye a kan tabarma, ta ɗauka sharar aiki ce, ta kwashi biyu ta cusa a murhu. Ashe aikin wata guda ne. Baba bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin madafa yana kallon wutar, ya ce mata tuwon yau ya fi kowane tuwo tsada a Mafara, ya kuma ƙi cin sa. Inna ta ce masa in katako ne ke ciyar da gida, ya kai shi kasuwa ranar Talata a ga mai saye. Kwana uku ba sa magana sai gaisuwa. A na huɗu ya sassaƙa mata sabuwar muciya da mara, masu santsi irin na kayansa, ya ajiye a bakin ƙofarta ya wuce. Har yau da muciyar take tuƙi.

Manoma ma sun san amfaninsa. Lokacin girbin shinkafa sukan zo su ɗauke shi a babur zuwa gona, ya zagaya tsibin shinkafa da igiya, ya auna tsawonsa da sanda, ya faɗi kusan buhu nawa zai yi. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta kusa sayar da nata tsibin a tsaye kan abin da ɗan kasuwa ya kimanta mata. Baba ya ji, ya je ba a kira shi ba, ya auna a gaban mutane, ya ce a kawo buhuna a zuba a gani. Abin da aka samu ya kusa ninka abin da aka faɗa mata. Ta aiko masa da kaza, ya mayar, ya ce ta bar ta ta yi ƙwai.

Ya yi ritaya shekaru kafin hanyoyinmu su lalace. Sai muka wayi gari kowa ya san sa'ar da ake bin hanya da sa'ar da ba a bi, kowa ya san wani da aka ɗauka. Ana cikin haka malaman Maradun suka aiko suna roƙon ya je ya nuna musu kayansa a wani taron ƙara wa juna sani, don yawancinsu a littafi kawai suka ga zanen waɗannan siffofi. Damina ce, gero ya fi mutum tsawo a gefen titi, lokacin da aka fi jin tsoro ke nan, don mai babur zai fito daga cikin gona ba ka gan shi ba sai yana gabanka. Inna ta hana, Baffa ya zo har gida ya hana, ni ma na roƙe shi. Ya ce malaman can kullum a cikin abin suke kwana suke tashi, kuma ba su rufe aji ba, shi ba zai ji kunyar wuni ɗaya ba. Da Inna ta ga ba zai fasa ba, ta ce in bi shi, tunda idonsa ya yi rauni.

Mun tafi da safe lafiya. A taron akwai wata malama, yarinya ce a kaina, 'yar Bakura da aka tura Maradun aiki. Da Baba ya zagaya da dalar nan mai gida biyu, maza suka yi ta juya ta suna dariyar kansu. Ita kuwa ta karɓa ta duba, ta haɗa, ta miƙa masa. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba. Da aka tashi ta ce za ta je ganin iyayenta, muka shiga mota ɗaya. Ta zauna kusa da ni a baya, mai haɗin fatar nan a cinyarta, tana naɗewa tana warwarewa, tana yi wa Baba tambayoyi ta kan kafaɗarsa. Ta tambayi yadda ake fitar da awon, ya ce ta zo gida wata rana ya nuna mata.

Wajen ƙarfe biyu ne, rana tsaka. Mun wuce wani kwari inda titi ya farfashe, direba ya rage gudu. Na fara jin ƙarar babura kafin in gan su. Direba ya ce innalillahi a hankali, ya taka burki, don sun riga sun tare gaba da baya. Ba su yi ihu ba. Suka buɗe ƙofofi suka ce kowa ya fito, suka kora mu cikin gero har inda ba a hango titi, suka ce mu zauna a ƙasa mu sunkuyar da kai. Mu takwas ne. Na nemi addu'ar da na sani tun ina yarinya na rasa farkonta. Abin da nake gani kawai takalman roba ne da bakin bindiga yana lilo.

Suka karɓe wayoyi, suka zazzage kaya. Da suka ɗauko akwatin Baba suka ji nauyinsa, sai suka yi tsammanin zinariya ce daga wuraren haƙa. Suka fasa kwaɗon, katakai suka zubo. Wanda ya fasa ya ja da baya, ya ce wannan kayan asiri ne. Babbansu ya matso, wani siriri mai rawani, ba zai wuce shekara arba'in ba. Ya tambaya na wane ne. Baba ya ɗaga hannu.

"Tsoho, mi aka yi da wanga abu?"

Baba ya ce shi malamin makaranta ne, da su yake koya wa yara lissafi. Mutumin ya ce ya nuna. Baba ya ja jiki ya tattara dala uku, ya haɗa su suka zama dunƙule. Suka matso suna kallo. Ya warware mai fata ya juya shi, wani ya yi dariya. Na ɗan ji numfashina ya dawo. Sai babban ya sunkuya da kansa ya tsinci gutsattsarin nan biyu na ƙaramar dala, ya tambayi me suke zama. Baba ya zana masa siffar a ƙasa da yatsa.

Babban ya rataya bindigarsa ya fara gwadawa. Ya haɗa ta nan, ya haɗa ta can. Na san abin nan, na san yadda yake sa mutum ya ji kansa wawa, don guda biyu ne kawai kuma sun ƙi. Yaransa suka fara murmushi, ɗaya ya ce a ba shi ya gwada. Na ga jijiyar wuyan mutumin ta tashi. Baba kuwa, saboda sabo na shekara da shekaru, ya naɗe hannu ya zuba masa ido. Na so in hana shi, ban samu dama ba. Mutumin ya ɗago ya ga kallon. Ya sauke bindigar ya buga wa Baba gindinta a bayan hannun dama, wanda Baba ya dafa ƙasa da shi yana ƙoƙarin kaucewa. Na ji ƙarar ƙashi.

Baba bai yi ƙara ba. Ya riƙe hannun a ƙirjinsa, ya matsa kusa da mutumin kamar mai neman afuwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda yaran ba za su ji ba. Ni da nake jikinsa na ji. Ya ce ya haɗa fuskokin nan biyu masu kusurwa huɗu, sannan ya murɗa ɗaya. Mutumin ya yi haka, dala ta tsaya a tafin hannunsa. Ya ɗaga ta ya nuna wa yaransa, ya yi dariya, ya jefa ta a aljihu. A sanina wannan ce amsa ta farko da Baba ya taɓa ba wani.

Wani daga bakin titi ya yi fito, suka fara sauri. Baburansu ba za su ɗauki kowa ba. Suka ware direba da wasu 'yan kasuwa biyu. Sai babban ya ce suna son mace guda da za ta riƙa yi musu girki. Mu biyu ne mata. Ya dube mu, ya nuna ni da baki.

Baba ya ce, da muryar da yake koyarwa da ita: "Wagga ɗiyata ce. Tarin fuka gare ta, wanda aka ɗauka. Jini take tofarwa, asibiti munka hito. In kun tahi da ita, duk sai kun kamu."

Lafiyata ƙalau, ko mura ba na yi. Amma da na ji abin da ya ce, sai na sunkuya na yi tari. Na yi shi da ƙarfi, sau uku, na rufe baki da mayafi. Wanda ya kama hannuna ya sake ni ya goge tafinsa a riga. Wani ya ce ƙila ƙarya ce. Babban ya dubi Baba, ya ce wannan tsohon malami ne, ba ya ƙarya. Suka ɗaga malamar. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Da suka ɗora ta a babur ta waiwayo ta dube ni, ni kuwa na mayar da idona ƙasa.

Muka zauna cikin geron har ƙarar ta ɓace. Sannan muka fito titi da gudu-gudu, ina jan Baba, babu wanda ya tuna da akwati ko katakan da suka watse cikin kunyoyi. Wata motar albasa ta kwashe mu zuwa Mafara.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu uku suka ƙage. Baba bai ƙara riƙe zarto ba. Ya daina zama a zaure, don duk babur da ya wuce sai ya zabura. Idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya tambaya ina nake, ko da ina gidan mijina. Mutane suka yi ta zuwa barka, ana cewa Allah Ya kiyaye, ana yaba dabarar Malam. Duk wanda ya yaba, sai Baba ya juya fuska bango. Ni kuma tari ya zame mini abin tsoro. Ko ƙwarewa na yi da ruwa sai gabana ya faɗi, in ga kamar ana kallona.

Kowace safiya yakan aika a tambayo masa labarin waɗanda aka ɗauka a tasha. An sako 'yan kasuwar, direban bai dawo ba har yau. Malamar ta yi wata biyu da kwanaki a daji kafin a sako ta. Muka ji ta koma gidan iyayenta a Bakura, ta ajiye aiki, ba ta fita. Baba ya ce zai je. Sau biyu yana shiryawa, ya sa babbar riga, ya kai bakin tasha, ya ga motocin ya kasa shiga. Ya dawo gida yana haɗa gumi, ya ce mini bai san shi matsoraci ba ne sai da ya tsufa.

Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Sau ɗaya muka yi maganar, a cikin jinyarsa ta ƙarshe, da rana, Inna ta fita ɗauko ruwa. Ya ce in an mayar da shi wurin, abin da ya faɗa shi zai sake faɗa, kuma wannan ne yake hana shi sakewa, don bai san yadda ake tuba daga abin da mutum zai sake yi ba. Ya ce yana tsoron ranar da za a tsayar da shi da yarinyar nan. Sai ya sa na jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado. Littafi ne mai bangon fata, duk awon katakansa da zanensu a ciki, tun daga na farko, da rubutunsa ƙanana.

"Uwata, ki kai mata. Ta tambaye ni awo, na ce ta zo gida. Ki ce ina roƙon ta yahe mini. In ta ƙi, kada ki matsa mata, tana da gaskiya."

Bayan sadakar arba'in na shirya. Mijina ya ce in aika da direba, na ce ba saƙon da ake aikawa ba ne. Rabona da fita daga Mafara tun ranar da aka tare mu. Na shiga motar Bakura da hantsi, na zauna a tsakiya don kada in ga gefen titi, littafin a ƙirjina cikin hijabi. Duk inda direba ya rage gudu sai in runtse ido in ƙanƙame littafin. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce lafiya lau.

Gwaggo ce ta raka ni har ƙofar gidan ta koma. Mahaifiyar malamar ta karɓe ni da mutunci, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi mini gaisuwar rashi, don labarin ya iso musu. Sannan ta kira ɗiyarta ta ba mu wuri. Da ta fito da ƙyar na gane ta. Ta rame, ta yi duhu, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa. Ta zauna a can ƙarshen tabarmar. Muka gaisa, ta ce Allah Ya jiƙan Malam, na ce amin.

Na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Na ajiye littafin a tsakaninmu. Ta daɗe tana kallonsa ba ta taɓa ba. Can ta ce a daji ta yi ta tunanin maganar da ya yi, wani lokaci ta tsine masa, wani lokaci ta ce da mahaifinta ne a wurin da abin da zai yi ke nan. Ta ce shi uba ne, kuma ya riga ya tafi inda yafiya ta fi yi masa amfani, ta yafe masa duniya da lahira.

Na fashe da kuka, na yi mata godiya. Sai na ji bakina yana tambaya, ni fa.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da ta fito.

"Tun safe muke tare, Yaya. Ban ji kin yi tari ba sai a wurin."

Na ce haka ne.

Ta jawo littafin ta buɗe, ta bi wani zane da yatsa, ta juya shafi, ta sake juya wani. Na jira. Ba ta ƙara cewa komai a kaina ba, ni kuma na tuna an ce kada in matsa. Da na tashi tafiya ta rako ni har bakin zaure, littafin a hannunta. Ta tambaya ko a Mafara akwai kafintan da zai iya yanka katako daidai da awo, na ce zan bincika. Ta ce in hanzarta in samu mota tun rana ba ta karkata ba.

Allah Ka ji ƙan Baba, Ka haskaka kabarinsa, Ka karɓi yafiyar da aka yi masa, Ka ba shi amincin da ya rasa a ƙarshen kwanakinsa. Shi ya samu tasa. Na samo kafintan, wani dattijo a bayan kasuwa, kuma ranar Talata mai zuwa zan sake shiga motar Bakura in gaya wa malamar.